Tafiya filin bishara a arewacin Ghana ta mota: tambayoyin da ƴan'uwa suka fi yi min da amsoshinsu

Salama a gare ku ƴan'uwa cikin Almasihu. Tun da muka dawo hutu wayata bata huta ba, kusan duk wanda aka ce za a tura shi Ghana ko Togo sai ya nemi lambata, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi yasa nace bari in zauna in rubuta su waje ɗaya. Ni da maman yara an tura mu wani ƙauye ne a yankin Yendi, gabas da Tamale, kuma duk zuwa da dawowar da muka yi ta ƙasa muka yi ta. Abin da ke damuna shine yanda ake sallamar mai bishara a majami'a da waƙa da addu'a da ambulan a hannu, amma babu wanda ya zauna da shi ya lissafa masa hanyar, sai ya isa boda da mata da yara sannan ya fara gano abin da ya kamata ya sani tun wata uku baya.

Me yasa ba za a hau jirgi kawai a huta ba?

Wanda ikilisiyarsa ke da hali ya hau, babu laifi ko kaɗan. Amma yawancin mu kuɗin da ake turo mu da shi daga baikon zumuntar mata ne da na ƙananan majami'u na ƙauye, tikitin mutum biyar daga Abuja zuwa Akra zai iya cinye abin da za mu ci na watanni, bayan haka kuma jirgi bazai ɗauki tukwane da katifa da kwalin Littafi Mai Tsarki ba. Ko ka sauka Akra ɗin ma kana da sauran tafiyar sama da kilomita 600 kafin Tamale. Don haka mota ce ta yawancin mu.

To wace hanya ake bi?

Wadda muka fi bi, kuma wadda nake ba sabon zuwa shawara, ita ce ta bakin teku duk da ita ce mafi nisa. Daga Jos ka sauko Akwanga, Keffi, Abuja, Lokoja, Okene, ka bi ta ƙasar Yarbawa zuwa Ibadan har Legas, wannan kaɗai kusan kilomita 1000 ne. Na Kano da Kaduna su ma a Abuja suke haɗuwa da mu. Daga Legas sai Badagry sai bodar Seme, ka shiga Jamhuriyar Benin ka ratsa Kwatano, ka kai bodar Hilakonji ka shiga Togo, ita Togo ta bakin teku siririya ce, kilomita hamsin da ɗan wani abu ka ƙare ta, birnin Lome ma a jikin boda yake, kana fita daga gari ka taka Aflao kana cikin Ghana. Daga nan ka tsallake kogin Volta a Sogakope, ka wuce Tema ka shiga Akra. Sai kuma ka juya fuskarka arewa: Kumasi, Techiman, Kintampo, gadar Buipe, gadar Yapei, Tamale. Daga Tamale zuwa Yendi kusan kilomita 100 ne.

Idan ka haɗa duka ya haura kilomita 2000 da boda uku. Daga Legas zuwa Akra bai ma kai kilomita 500 ba amma shi ne yake cin yini guda cur saboda shingaye da tsayawar boda. Akwai manyan bas masu ɗauka daga Legas kai tsaye har Akra, sun fi tsada amma ga mai iyali sun fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, dan kayanka na waje ɗaya kuma ma'aikacin motar ne ke tattara fasfo ya kai a buga. In kana bin ƙananan motoci guntu-guntu, a kowace boda sai ka sauke kaya ka tsallaka da ƙafa ka nemi wata motar, ga ƴan kamasho suna jan jakarka ta ko'ina.

Ta Nijar da Barkina Faso ba ta fi kusa ba?

A taswira ta fi kusa ga na Kano da Katsina da Sakkwato, kuma da can ita mutanenmu ke bi: Maraɗi ko Birnin Ƙonni, Doso, Yamai, Makalondi, Fada Ngurma, Wagadugu, Po, a shiga Ghana ta Paga a sauko Bolgatanga zuwa Tamale. Amma yanzu dan Allah kar ka ɗauki iyalinka ka bi ta nan. Tsakanin Yamai da Fada Ngurma yanki ne da masu ɗauke da makamai suka daɗe suna tare hanya suna dasa nakiya. Ga kuma batun siyasa, bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe bodar Najeriya da Nijar har zuwa Maris 2024, sannan Nijar da Mali da Barkina sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Wanda aka tura Maraɗi ko Galmi ko Damagaram nasa daban ne, ya bi abin da ikilisiyar can ta faɗa masa. Amma ratsa ƙasashen biyu dan a rage hanyar Ghana, a'a.

Na ji ana maganar wata hanya ta Kwara, gaskiya ne?

Akwai ta. Daga Ilorin zuwa Cikanda a bakin boda, a shiga Benin ta Niki, Faraku, Jugu, a tsallaka Togo zuwa Kara, a bi ta wajen Basar a shiga Ghana ta Tatale, Zabzugu, a haye kogin Oti sai Yendi. Tana rage nisa sosai tunda ba sai ka gangara teku ka sake hawowa ba. Kuma ina son hanyar nan a raina, dan kusan sawun kakanninmu fatake ne, masu zuwa Gwanja sayo goro da jakuna, ta Niki da Jugu da Yendi suke bi su sauka kasuwar Salaga, suna shafe watanni a hanya, su ne suka kafa yawancin zangunan da za ka tarar yau.

Sai dai hanya ce ta wanda ya riga ya san gari. Motoci ba kullum suke cika da wuri ba, ana iya yini a tasha ana jiran fasinja biyu, wasu wuraren da damina sai babur. Sannan tsaro ya taɓu a arewacin Benin tun wajen ƙarshen 2021, arewacin Togo ma an sa dokar ta ɓaci a yankin Savanes tun 2022, ga dazukan Kainji da arewacin Kwara su ma ba lafiya ba. Na taɓa bin ta ni kaɗai, amma ban taɓa bi da yara ba. Kafin ka yanke shawara kira fastocin da ke zaune a kan hanyar a satin da za ka tashi, labarin wata uku baya bashi da amfani a nan.

Kwana nawa zan yi?

Namiji shi kaɗai mai ƙarfi zai iya yi a kwana uku. Da iyali ka lissafa biyar ko shida, ka kwana Legas, ka kwana Akra, in da hali ka ƙara kwana ɗaya a Kumasi yara su miƙe ƙafa. Kuma ka tuna agogo, Najeriya da Benin lokacinsu ɗaya, amma kana shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya, haka Ghana. Ka faɗa wa mai tarbarka da agogon wace ƙasa kake magana.

Waɗanne takardu zan riƙe?

Nan ne nake so ka nutsu. Ɗan Najeriya baya buƙatar biza dan shiga Benin da Togo da Ghana, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu damar shiga mu zauna har kwana 90. Amma rashin biza ba yana nufin rashin takarda bane. Ka nemi fasfo na ainihi ga kowa har jaririn goye, kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Akwai ƙaramar takardar tafiya ta ECOWAS da imigireshan ke bayarwa, tana tsallakar da mutum, amma tunda zama za ka yi ka nemi izinin zama, fasfo ya fi maka.

Bayan fasfo: wasiƙar hukumar da ta aike ka mai hatimi da sa hannu, wasiƙar gayyata daga ikilisiyar da za ta karɓe ka a Ghana mai ɗauke da sunan gari da lambar wayar wanda zai ɗauka in an kira, takardar aure, takardun haihuwar yara, takardar makarantar Littafi Mai Tsarki ko ta naɗi in kana da ita, da hotuna ƴan ƙanana da yawa. Kowanne ka yi masa kwafi kamar uku, ka raba a jaka daban-daban, ka ɗauki hotonsu a waya ka tura wa wani a gida. In da wanda ya iya Faransanci ya fassara maka wasiƙar aikewar, tana taimakawa a Benin da Togo.

Wani ɗan'uwa ya taɓa ce min shi kiran Allah ne takardarsa. Nace masa ya buɗe Nehemiya sura 2, mutumin da hannun Allah ke bisansa amma sai da ya roƙi sarki wasiƙu zuwa ga masu mulkin hayin kogi dan su bar shi ya wuce. Kuma dan Allah duk bodar da ka tsallaka ka buɗe fasfon da idonka ka ga an buga na fita an buga na shiga kafin mota ta tashi, dan in babu hatimin shiga Ghana ranar neman izinin zama za ka sha wahalar da ba ta da dalili.

Katin rigakafin nan dole ne?

Dole ne, shi ne yalo kad, shedar an yi maka allurar shawara. A ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa ake yinsa, kuma baya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kaga kenan ba abin da za a bari sai ana gobe tafiya bane. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya tace allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Jaririn da bai kai wata tara ba ba a yi masa, mai ciki kuma ta fara ganin likita. Za ka haɗu da masu cewa kawo kuɗi a baka kati ba tare da allura ba, kar ka yarda, ƙarya ce ka shiga da ita filin aikin Ubangiji, kuma cutar gaske ce tana kisa. Ka tambaya a yi muku ta sanƙarau ma, arewacin Ghana na cikin yankin da take tashi da bazara kamar dai wajenmu.

In an tambaye ni me zan je yi, in ce bishara?

Ka faɗi gaskiya a taƙaice. Ni abin da nake cewa shine ni ma'aikacin ikilisiya ne, ikilisiya kaza ce ta gayyace ni a gari kaza, ga wasiƙa. Shikenan. A wannan hanyar ta bakin teku babu wanda zai ɗaga gira dan ka ce kai fasto ne, wani jami'in ma cewa zai yi ka sa shi a addu'a. Abin da bana so shine mutum yace kasuwanci zai je ko gaisuwar mutuwa alhali ga kwalin littattafai a bayan mota, in aka buɗe ka zama maƙaryaci a gaban matarka da ƴaƴanka. Haka kuma boda ba wajen wa'azi bane, mutane na layi a bayanka cikin rana, amsa abin da aka tambaye ka ka wuce. Cikin mota kuma za ka zauna kwana da kwanaki kafaɗa da kafaɗa da ƴan'uwanmu Musulmi ƴan kasuwa, in direba ya tsaya sallah ka tsare musu kaya, in hira ta kawo ka faɗi ko kai wanene ba ɓoye-ɓoye. Wani Alhaji mai fataucin albasa da muka taɓa haɗa kujera da shi, shi ya riƙe min ɗana ƙarami a cinyarsa tun daga Kintampo har Tamale dan maman ta samu ta runtsa.

Kuɗin da ake karɓa a boda fa, in na bayar na yi zunubi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi kuma bazan yi kamar mai sauƙi ce ba. A doka buga hatimi a fasfon ɗan ECOWAS ba abin biya bane, amma duk wanda ya bi hanyar ya san ana nema, musamman in fasfon sabo ne ba a taɓa buga masa komai ba.

A zuwanmu na farko, a wata boda da bazan ambata ba, wani jami'i ya tattara fasfonmu biyar ya sa a aljihun tebur ya faɗi kuɗin da zan kawo kan kowanne. Na gaishe shi da ladabi nace ranka ya daɗe in na hukuma ne a bani rasit zan biya, dan kuɗin ikilisiya ne sai na yi lissafinsa. Ya ce in koma gefe. Muka tsaya a jikin katanga wajen awa biyu, rana ta take, ƴata ta tsakiya tana ta amai tun daga mota, maman yara ta cire ɗankwalinta ta jiƙa da ruwan leda tana shafa mata a wuya, direba na ta danna ham fasinjoji na ce min Fasto ka ba shi mana mu tafi. Daga ƙarshe na biya wani abu ƙasa da abin da ya faɗa, ba rasit, kuma raina bai daina ciwo ba har muka kai masauki. Da na faɗa wa wani dattijon mai bishara da ya riga ni shekaru a hanyar, sai ya ce min ɗana, akwai bambanci tsakanin wanda ya ba da kuɗi dan a rufe ido a kan laifinsa da wanda aka matse aka karɓe masa alhali takardunsa cikakku ne.

A kan wannan nake tsaye har yau. Kar ka taɓa ba da ko sisi dan a wuce da abin da ba daidai ba, fasfon da ya mutu ko yaron da bashi da takarda ko kayan da aka hana. In takardunka sun cika, ka nemi rasit, ka yi haƙuri, kar ka ɗaga murya kar ka yi zagi, sau da yawa in suka ga baka gaggawa suna miƙo maka abinka. In kuma an kai inda lafiyar yaro ke cikin haɗari ka yi abin da lamirinka ya baka, ka rubuta shi a littafin lissafi yanda ya faru ka nuna wa hukumar da ta aike ka.

Yaya zan yi da canjin kuɗi?

Kuɗi uku za ka taɓa: naira, sefa a Benin da Togo, sidi a Ghana. Sefar Kamaru da Chadi daban take da ta yamma, kar wani ya haɗa maka da ita. Ƴan canji na nan a kowace boda kuma da yawansu Hausawa ne, amma ka canza kaɗan na abinci da mota kawai, ka ƙirga a gabansa kafin ka miƙa naka. In ana ciniki da Hausa a ƙasar sefa ka kula, da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce, in aka ce dala ashirin ana nufin 100, jika kuma 1000. A Ghana kuma tun 2007 aka cire sifili huɗu daga kuɗinsu amma har yanzu tsofaffi a kasuwa na iya faɗa maka farashi da tsohon lissafi ka ji an ambaci dubbai, ka tambaya a nuna maka takardar kuɗin.

Kar ka ɗauki kuɗin wata shida a jikinka. Ka raba na hanya gida uku, wani wajenka wani wajen uwargida wani a cikin kaya, sauran a turo maka bayan ka isa ta hannun ikilisiyar can.

Da iyali zan tafi ko in fara yin gaba?

In hukumar da ta aike ka ta yarda, ka fara zuwa kai kaɗai ko da na wata ɗaya ne, ka ga ɗakin da za ku zauna, ka san inda rijiya ko famfo yake da asibiti mafi kusa da makarantar yara, sannan ka dawo ka ɗauke su. Mu tare muka tafi, mun isa bayan magariba muka tarar ɗakin da aka ce an shirya ba a gama rufinsa ba, a majami'a muka shimfiɗa tabarma sati biyu, matan ikilisiyar ne suka riƙa kawo mana tuwo da miyar ayoyo safe da yamma, Allah ya saka musu.

In kuma Mama ce za ta biyo baya da yara ita kaɗai, ta riƙe wasiƙar amincewar uban yaran da kwafin fasfonsa da takardun haihuwa, saboda ana bincike sosai kan safarar yara a wannan hanyar kuma daidai ne a yi. Kar ku ɗauko ɗan wani ko ƴar wani da sunan mai tayin aiki ba tare da takardar iyayensu ba.

Wane kaya zan ɗauka, wanne zan bari?

Ɗauki kaɗan. Katifa da bokiti da tukwane duk akwai su a kasuwar Tamale, kuɗin da za ka biya musu a mota da faɗan da za ka yi a kansu a kowace boda ya fi kuɗinsu. Abin da bazaka samu da sauƙi ba shi za ka ɗauka: Littafi Mai Tsarki na Hausa da littafin waƙoƙi, littattafan karatunka, takardun makarantar yara, gidan sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro da gishirin zawo, da duk maganin da wani ke sha kullum tare da takardar likita. Mama zata so ta ƙullo daddawa da kuka da yaji, a bar ta, ranar da kewar gida ta taso za ku gode mata. A jakar hannu ka sa fasfo, ruwa, fawa bank, tocila, zani ɗaya da kayan canji na yara. Soket ɗin Ghana irin namu ne mai baki uku, na Benin da Togo mai baki biyu ne zagaye.

Abu ɗaya da bana sassauci a kai: kar ka karɓi saƙon kowa a tasha, ko da ya ce shi ɗan'uwa ne cikin Ubangiji, in dai baka buɗe ka ga abin da ke ciki ba.

A ina ake kwana a hanya?

Kafin ka bar gida ka riga ka san inda za ka kwana a Legas da Akra, da sunan wanda zai zo ya ɗauke ka a tasha. Akwai majami'u masu sujada da Hausa a Legas da yawa, sakataren gundumarku zai iya haɗa ka da ɗaya. Ka yi ƙoƙari ka bar Legas da asuba dan ka gama boda ukun da rana. Tafiyar dare a ɓangaren Najeriya kuwa ni na daina ta, gara in ƙara kwana.

Hausa zata fisshe ni ko sai na koyi wani yare?

A hanya zata fisshe ka ƙwarai. Kwatano da Lome akwai zango, Akra akwai Nima da Sabon Zango, Kumasi akwai Aboabo, duk inda ka ga mai tsire ko mai shayi ko ɗan canji gwada masa sallama da Hausa. Za ka ji kokon safe ana ce masa Hausa koko, ga ƙosai, ga shinkafa da wake da suke kira wace, ga tuwon zafi. Ka koyi gaisuwa da lissafi da Faransanci ko kaɗan ne saboda jandarmomi.

Amma a filin aiki kar ka ruɗi kanka. Tamale da Yendi ƙasar Dagomba ce, yarensu Dagbani, a Yendi fadar sarkinsu Ya Na take, ƙauyukan gabas kuma da yawa na Konkomba ne masu nasu yaren. Hausa yaren kasuwa da zango ne a wajensu, tsohuwar da ke ƙauye bazata buɗe maka zuciyarta da shi ba. Shekarar farko ta koyon yare ce da gaishe da masu gari, kuma kar ka shiga ƙauye ka fara komai kafin dattawan ikilisiyar wurin su kai ka gaban sarki.

Wane lokaci ya fi dacewa a tashi?

Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, ruwa ya ɗauke hanyoyin ƙauye sun bushe, sai dai ka kauce wa satin Kirsimeti saboda cunkoso da tsadar mota. Maris da Afrilu zafi ne mai tsanani. Agusta da Satumba kuma koguna na cika, lokacin ne ake sakin ruwan madatsar Bagre ta Barkina ya malalo arewacin Ghana.

Jin tsoron hanya ba ƙarancin bangaskiya bane?

A'a ɗan'uwa. Waɗanda suka fara kawo aikin ƙungiyar mishan ta SIM ƙasarmu su uku ne suka sauka Legas a Disambar 1893, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin shekara ɗaya biyu sun rasu a hanyar shigowa arewa, Gowans a Girku, Kent a Bida, ciwo ne ya ɗauke su, kuma sai 1902 aka samu kafa tashar mishan a Patigi. Muna girmama su har gobe, amma su basu da allurar rigakafi da waya da wanda ya riga su bin hanyar da zai ce musu kar ku bi nan. Kai kana da su. Bulus ma da aka ƙulla za a kashe shi a Dimashƙu cikin kwando aka zurara shi ta katanga da dare. In mutanen wurin suka ce maka yau kar ka fita, zauna.

Ina isa shikenan an gama?

Saura izinin zama. Kwanakin da aka buga maka a boda suna tafiya tun ranar da ka shiga, ka duba abin da aka rubuta a fasfon da kanka. Ikilisiyar da ta gayyace ka ce zata nema maka izinin zama a hukumar shige da fice ta Ghana, sannan akwai katin shaida na baƙi da ake buƙata ga wanda zai zauna. A fara a satin farko, kar a bari sai kwanaki sun kusa cika.

Mu da ke aikawa, me ya kamata mu yi?

Baba Fasto, dattawa, iyayenmu na zumuntar mata, wannan taku ce. Ku ware kuɗin hanya daban da kuɗin zama, ku lissafa har da fasfo da allura da masauki da abinci da abin ko-ta-kwana, da kuɗin dawowa in rashin lafiya ko rasuwa ta faru a gida. Ku sa mutum ɗaya takamaimai wanda aikinsa shine ya bi su da waya tun daga tashar farko, ya san lambar motar da suka hau, ya san a wace boda suke, yana da lambar mai tarbarsu a can. Layin Najeriya na iya ɗaukewa bayan an tsallaka, don haka a sa musu kuɗin kira na waje tun daga gida kuma a yi alkawarin lokacin da za su kira. Kuma bayan sun isa kar wayar ta mutu, wata na biyu da na uku ne kewa ke kama mace da yara, lokacin ne ya kamata shugabar zumunta ta kira matar mai bisharan ta tambaye ta me suka ci yau, yaran sun fara makaranta ko tukuna.